ALLURA DA ZARE: DARASI A KAN SANA'AR MATAN KARKARA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci hannu kuma Ya sanar da shi aiki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, darasinmu na wannan karo a kan koya wa matan karkara sana'ar hannu ne, musamman matan ƙabilun makiyaya da na manoma waɗanda ke nesa da birni. Watakila ka ce, "To, ni ina ruwana da allura da zare? Ai wannan zancen mata ne." Yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Hular da ke kanka mace ce ta ɗinka ta, ko kuwa wani yaro a zaure. Kana da uwa, kana da ƙanwa, gobe kuma in Allah Ya yarda kana da mata. Abin da suke samu daga aikin hannunsu, da abin da ake danne musu, sau da yawa ta hannun namiji yake bi. Saboda haka zancen naka ne.

Za mu ɗauki misali daga wata gunduma ta ƙasar Indiya da ake kira Kac, domin a can an shafe fiye da shekara 50 ana wannan aiki, an ga inda ya yi albarka, an kuma ga inda ya yi tuntuɓe.

ƘASAR DA MUTANENTA

Kac tana cikin Jihar Gujarat, a yammacin Indiya, kan iyaka da lardin Sindh na Pakistan. Ita ce gunduma mafi faɗi a Indiya duka, ta fi murabba'in kilomita 45,000, watau kusan girman Jihar Kaduna. Babban garinta shi ne Buj. Amma fa faɗin nan kada ya ruɗe ka. Yanki babba nata fadamar gishiri ce, wadda ruwa ke rufewa da damina, da rani kuma ta bushe ta yi fari fat, ko ciyawa ba ta tsirowa. Ruwan sama kaɗan ne, kuma ba shi da tabbas. Fari baƙo ne da suka saba da shi, yakan zo ya maimaita.

Ƙabilu da yawa ne ke zaune a wurin. Akwai Rabari, masu kiwon raƙuma da tumaki da awaki, waɗanda ke yawon neman ciyawa kamar yadda Fulaninmu ke yi. Akwai Ahir, masu shanu da noma. Akwai Megwal, waɗanda aka sani da dukanci da saƙa. Akwai kuma ƙabilun Musulmi makiyaya, irin su Jat da Mutwa, waɗansunsu a makiyayar da ake kira Banni, arewa da Buj. Waɗansu iyalai kuma gudun hijira ya kawo su daga Sindh bayan yaƙin da aka yi tsakanin Indiya da Pakistan a 1971.

Mutumin da dukiyarsa ke tafiya da ƙafa huɗu, in ruwa bai sauka ba, ka san halin da zai shiga. Dabba ta rame, nono ya ƙafe, farashinta ya faɗi a kasuwa. Namiji ya kora abin da ya rage ya nausa nesa, ko ya tafi birni ƙwadago. Wa aka bari a gida da yara da tsofaffi? Mace.

SANA'AR DA SUKA GADA

Matan nan suna da wani abu a hannunsu wanda fari ba ya kashewa, shi ne ɗinkin ado. Yarinya tana tashi a gefen uwarta take koyon riƙe allura. Kowace ƙabila da irin nata ɗinkin, har mutum kan dubi rigar mace ya faɗi ƙabilarta. Rabari suna son ɗinki mai kauri da madubai iri iri, manya da ƙanana, waɗanda ake ɗaurewa a jikin yadi da zare. Matan Mutwa an san su da ɗinki mai laushi da 'yan mitsi-mitsin madubai. Matan Jat sukan cika gaban riga da ɗinki mai kusurwa-kusurwa, ba ka ganin yadin ko kaɗan. Akwai kuma wani iri da ake kira suf, wanda ba a zana komai a kan yadi kafin a fara. Mai ɗinki tana ƙirga zaren tsaye da na kwance na yadin ne ɗaya bayan ɗaya, kuma ta bayan yadin take aiki, sai an juya a ga adon ya fito daidai. Ka ga ke nan wadda ba ta taɓa shiga aji ba tana lissafi da ido da yatsa, irin wanda kai mai takardar sakandare sai ka yi gumi.

Amma da can ba don sayarwa suke yi ba. Kayan aure ne. Yarinya takan shekara da shekaru tana ɗinka riguna, da mayafai, da jakunkuna, da kayan adon ɗaki, da na raƙumi, waɗanda za ta tafi da su gidan miji. Sana'a tana nan, gwaninta tana nan, amma ba ta kawo ko kwabo. Ka riƙe wannan magana, domin ita ce tushen darasin.

FARIN 1969

A shekarar 1969 fari mai tsanani ya kama Kac. Cikin waɗanda suka zo daga Mumbai don aikin agaji akwai wata mata mai suna Chanda Shroff. Ta sauka a ƙauyen Daneti, na ƙabilar Ahir, inda ake dafa abinci ana rabawa kyauta. Sai ta lura matan ƙauyen ba sa jin daɗin miƙa hannu su karɓi sadaka, ko da yake yunwa na cinsu. Ta kuma lura da ɗinkin da ke jikin tufafinsu.

Abin da ta yi mai sauƙi ne. Ta sayi zannuwa 30 irin waɗanda matan Indiya ke naɗawa, da ake kira sari, ta kawo zare, ta ba mata 30 su yi musu ado. Ta kai kayan Mumbai ta baje, aka saye, kuɗin ya koma hannun masu aikin. Daga nan aka kafa ƙungiyar da ake kira Shrujan, wadda daga baya ta kai ga yin aiki da mata dubbai a ƙauyuka fiye da 100. Ita Chanda Shroff ta rasu a 2016, shekarar da ƙungiyar ta buɗe gidan adana kayan tarihi da koyarwa kusa da Buj.

Matar nan ba Musulma ba ce, amma tsarin da ta bi akwai abin koyi a ciki. Dubi yadda yake:

1. Ana kai wa mace yadi da zare har ƙofar gidanta. Ba ta cin bashi don sayen kayan aiki.

2. A ɗakinta take aiki, a lokacin da ta samu sarari bayan girki da ɗiban ruwa da tatsar nono. Ba a raba ta da 'ya'yanta, ba a sa ta yawon kasuwa.

3. In ta gama, ana zuwa a karɓa, a biya ta a hannunta. Ba a cewa ta jira sai an sayar.

4. Neman kasuwa da ɗaukar hasara in kaya sun yi kwantai yana wuyan ƙungiya.

Har wa yau ƙungiyar ta sa gwanayen mata sun ɗinka samfurori masu yawa na kowane irin ɗinki, aka riƙa zagayawa da su ƙauye ƙauye a mota, domin 'yan mata masu tasowa su ga aikin ƙwarai da idonsu. Gani ya kori ji.

ME AKE KOYA WA WADDA TA RIGA TA IYA?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. In aka ce "koyar da sana'a", sai a ɗauka za a tara mata a rumfa kwana bakwai, a nuna musu yadda ake zura zare, a ba su takardar shaida, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Matan Kac sun fi mai koyarwar iya allura. Abin da suka rasa daban ne, kuma ga shi dalla-dalla.

Na farko, awo da kammalawa. Rigar da mace ta ɗinka wa kanta, in hannu ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, ba wanda zai kai ta ƙara. Amma mai saye a birni in ya ce yana son jaka 50, to 50 yake so masu girma ɗaya, bakinsu a kalmashe, zaren ba ya zuba in an wanke, ba tabon miya ko na hayaƙi. Wannan sai an koya.

Na biyu, sanin mai saye. Matar da ba ta taɓa fita daga gundumarta ba, ina za ta san irin launin da mutumin Mumbai ko na Landan yake so a ɗakinsa? Ina za ta san cewa adon da take yi wa buhun raƙumi zai yi kyau a jikin matashin kai ko jakar hannu? Sai an nuna mata, ko an kai ta ta gani.

Na uku, lissafin farashi. Wannan shi ne babba. Mace takan ƙirga kuɗin zare da yadi, amma ba ta ƙirga kwanakinta. A ganinta lokacin ai nata ne, ba saye ta yi ba. Dillali kuwa ya san wannan sarai, kuma a nan ribarsa take.

Na huɗu, ajiya. Kuɗin da ba shi da wurin kwana, da wuri yake tashi. A birnin Ahmadabad, cikin Jihar Gujarat ɗin dai, ƙungiyar mata masu ƙananan sana'o'i da ake kira SEWA, wadda Ela Bhatt ta kafa a 1972, ta buɗe bankinta a 1974 da gudummawar mata 4,000, kowacce rupi 10. Dalili kuwa shi ne sun ga mace tana aiki, amma abin da ta samu yana ƙarewa a hannun mai ba da bashi da ruwa.

A 1993 aka kafa wata ƙungiya, Kala Raksha, a ƙauyen Sumrasar, arewa da Buj. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Judy Frater, wata Ba'amurkiya masaniyar tufafi, da Prakash Bhanani, ɗan cikin al'ummar masu ɗinkin suf. Wani abin lura a tsarinsu shi ne su matan ne ke zama su duba aiki su yanka masa lada, ba wani daga waje ba. Wadda ta san wahalar ƙirga zare ita ta fi cancanta ta faɗi abin da ya dace a biya.

GIRGIZAR ƘASA DA MAKARANTAR MASU SANA'A

Ran 26 ga Janairu, 2001, girgizar ƙasa mai ƙarfi ta afka wa Kac. Mutum fiye da 13,000 suka rasu, garuruwa irin su Buj da Anjar da Bacau suka rushe. Agaji ya kwararo daga ko'ina, masu son taimaka wa masu sana'a suka yi yawa. A nan wata matsala ta ƙara fitowa fili. Sai ɗan birni mai ilmin zayyana ya zo da takardarsa, ya zana abin da yake so, ya zaɓi launi, ya ce wa mace, "Cika nan da nan." Kuɗi na shigowa kam, amma gwanar da ke ƙirƙiro ado daga kanta ta koma 'yar ƙwadago. Ranar da ɗan birni ya daina zuwa, aiki ya tsaya.

Don maganin wannan ne Kala Raksha ta buɗe makarantar zayyana ta masu sana'ar gargajiya a 2005. A lokacin, karatun shekara guda ne, amma an raba shi zango shida, kowane zango mako biyu, domin ɗaliba ta koma gida tsakani ta ci gaba da hidimarta, ta kuma gwada abin da ta koya. Ajin mata daban, na maza daban, bisa al'adar mutanen wurin. Ba a tambayar takardar firamare. Abin da ake nema shi ne mutum ya iya sana'ar gidansu. Ana koyar da haɗa launi, da tsara ado, da sanin kasuwa, da fitar da kaya iri ɗaya masu dacewa da juna, da yadda mutum zai tsaya ya gabatar da aikinsa da bakinsa. Ka ga bambanci? Wancan ya mai da gwana leburiya, wannan kuwa ya ƙara mata ido a kan hannun da take da shi.

DOKAR DATTAWA

Ga wani labari da ya kamata kowane saurayi ya ji. A wani reshe na Rabari da ake kira Debariya, gasar kayan aure ta yi yawa har ta zama bala'i. Yawan ɗinkin da ake bukata kafin amarya ta tare ya riƙa ƙaruwa, kuɗi na ƙaruwa, mace ta daɗe a gidan iyayenta tana fama da allura, miji na can yana jira. Sai dattawansu suka zauna a 1995 suka hana matan reshen yin ɗinkin adon da sa shi.

Dattawan sun gano ciwo na gaskiya, kuma kai ma ka san irinsa, domin lefe da gara da kayan ɗaki sun hana samari da 'yan mata da yawa aure a garuruwanmu. Amma dokar ta kusa tafiya da sana'ar baki ɗaya. Abin da ya cece ta shi ne ɗinkin sayarwa, wanda mata suka ci gaba da yi, da kuma dabarar da suka ɓullo da ita ta jera leshi da ƙyallaye masu walƙiya na kanti suna bi da keken ɗinki. Wata daga cikinsu, Pabiben Rabari, wadda talauci ya fitar da ita daga makaranta tun tana ƙarama, ta yi jaka da wannan dabara, jakar ta karɓu har ana kiranta da sunanta, daga baya ta kafa nata kamfani tana ba sauran matan ƙauye aiki. Allurar da ta zama nauyi a kan aure, ita ce ta zama abinci da aka juya ta wajen kasuwa.

INDA AKE TUNTUƁE

Kada ka ɗauka kowace mai allura a Kac ta yi arziki. Sam. Aikin yana da cikas, kuma wajibi ne ka san su.

Akwai dillalin da ke shiga ƙauye lokacin yunwa ya saye tsofaffin kayan gado, waɗanda kaka ta ɗinka, a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kai birni ya ninka. Akwai injin da ke kwaikwayon ɗinkin hannu, ya fitar a sa'a guda abin da mace za ta yi wata tana yi, a sayar da shi da sunan aikin hannu. Akwai ciwon ido da na baya, domin mai ƙirga zare a ɗaki mai duhu ba ta daɗewa idonta ke raunana, ga shi tabarau ba kowa ke samu ba. Akwai 'yan mata masu tasowa da ke ganin ladan bai kai wahalar ba. Akwai kuma kasuwar da ta dogara ga baƙi masu yawon buɗe ido, wadda in tafiye-tafiye suka tsaya, kamar yadda aka gani a annobar 2020, sai ta tsaya cak.

Duk da haka, ga matar da ke da zaɓi biyu a shekarar fari, ko ta fita fasa dutse a bakin hanya cikin rana, ko ta zauna a inuwar ɗakinta da allura, ai ka san wanda ya fi mata mutunci da lafiya.

TO, MU FA?

Yanzu dawo gida. Matan ƙauyukanmu da rugagenmu ba su zauna hannu rabbana ba. Akwai masu ɗinkin hula, da masu saƙar tabarma da faifai da kaba, da masu kaɗi, da masu ginin tukwane. Matan Fulani suna da adon ƙwarya, matan Buzaye a Agadas da kewaye sun shahara da aikin fata. Gwaninta ba ta yi mana ƙaranci ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a ƙauye ta koyi ginin tukunya wurin 'yar'uwar iyayenta. Da ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, a 1954, abin da aka ƙara mata shi ne sabuwar hanyar gashi da shafe mai sheƙi, da kuma hanyar kai kayanta gaban masu saye. Hannun kuwa da shi ta zo.

Kai ilmi har inda mace take kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis, watau mata malamai, waɗanda ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Kuma cin abinci daga aikin hannu abin yabo ne tun a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi an san ta da jima da ɗinkin fata, tana samu tana sadaka da shi.

Bari mu yi lissafi, a misali kawai, kai kuma ka sa farashin garinku. A ce ƙanwarka ta ɗinka hula cikin kwana 14, kullum sa'a 3. Sa'a 42 ke nan. A ce zare da yadi sun ci naira 3,000, mai saye ya ba ta 5,000. Ribarta 2,000. Raba 2,000 gida 42, za ka ga ladanta na sa'a guda bai kai naira 50 ba. In an wanke hular an buga ta an kai birni an sayar 12,000, wa ya ci guminta? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita kuwa murna take yi, don ba wanda ya taɓa zama ya yi mata wannan lissafi. Kai da ka yi makaranta, me ya hana ka?

Ga abin da ke wuyanka, ya kai ɗan'uwa:

1. Ka sani dukiyar mace tata ce. Abin da matarka ko ƙanwarka ta samu da allurarta ba naka ba ne, sai abin da ta ba ka da daɗin rai. Samunta kuma bai sauke maka ciyarwa da tufatarwa ba. Akwai mazan da da zarar sun ga mace ta fara samu sai su janye kuɗin cefane. Wannan zalunci ne, kuma shi ne ke sa mata da yawa su ɓoye sana'arsu ko su bar ta.

2. In kai ne mai kai kayan kasuwa, ka faɗi gaskiyar abin da aka saya. Ku yanka la'adarka tun farko, kowa ya sani. Kada ka sayar goma ka ce bakwai. Wadda ke cikin gida ba ta ganin kasuwa, amma Allah Yana gani.

3. In kai ne mai ba da aiki, ka biya da zarar an gama. Kada ka ce sai ka sayar. Kada kuma ka jira lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu, ko yaro ba lafiya, sa'an nan ka zo taya kaya da rabin kuɗi.

4. Ka koya musu abin da ka iya: karatu, da ƙirga, da rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ka ɗauki hoton kayansu da wayarka ka nuna wa masu saye na nesa. Ka kawo musu labarin irin launi da girman da ake nema.

5. In ku samari kuna da ƙungiya a unguwa ko a masallaci, kuna son taimakon matan wani ƙauye, kada ku fara da sayen kekunan ɗinki. Ku fara da tambaya, ta bakin iyayenku mata da izinin mazajensu: me suka iya, me suke sayarwa, wa ke saye, nawa? Ku nemi gwana a cikinsu ta zama malama. Ku tabbatar da mai saye kafin a yanka yadi. Ku haɗa jari na zare da yadi wanda ba ruwa a kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. Ka kula da lafiyar mai aiki. Fitila mai haske da tabarau ba su kai kuɗin takalminka ba.

7. In lokacin aurenka ya zo, kada ka zama cikin masu ɗora wa iyayen yarinya nauyin kayan ɗaki don a ce. Ka tuna da Debariya.

Wadda ke da sana'a a hannu, ranar da miji ya rasu, ko ya kwanta ciwo, ko shanu suka ƙare, ba ta tura 'yarta talla har dare, ba ta tura ɗanta bara. Ba wanda ya san a gidan wa wannan rana za ta faɗo, kuma zai yiwu gidan naka ne.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Me ya sa ɗinkin matan Kac bai kawo musu kuɗi ba kafin 1969, alhali sun gwanance?

2. Kawo abubuwa huɗu da ake koya wa wadda ta riga ta iya sana'a.

3. Mene ne bambanci tsakanin mai da gwana 'yar ƙwadago da koya mata zayyana?

4. Wane ciwo dattawan Debariya suka so magancewa a 1995, kuma ina irinsa a garinku?

5. Zaɓi sana'a guda da wata mace ke yi a gidanku. Ka zauna da ita, ku ƙirga kuɗin kayan aiki da sa'o'in da take ɗauka, ka fitar da ladanta na sa'a guda. Ka zo da amsar a zama na gaba.

Allah Ya sa albarka a hannuwan iyayenmu mata, Ya tsare mu daga cin haƙƙin mai rauni, Ya azurta mu da halal mai yalwa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.